Gungumen Enos

"Ba haka ake riƙe shebur ba, Norman," in ji Enos. "Dube ka, sai ka ce tsohuwa tana kwasar toka a murhu."

Ina kwance rub da ciki a cikin taɓo, rabin jikina a ƙarƙashin tankar yaƙin da yake tuƙawa, ina yaƙutar ƙasa daga gefen haƙarƙarinsa ina turawa baya, 'yan tankarsa suna kwashewa da gwangwani. Gari bai gama wayewa ba. Fuskarsa nake iya gani da ƙirjinsa da hannunsa na dama, wanda har lokacin yake riƙe da sufana. Daga ƙugu zuwa ƙafa kuwa tumbin tankar ya zauna a kansa daram.

Ni da Enos Tindale bango ɗaya ya raba gidajenmu, a layin mahaƙa kwal na wani ƙauye a arewacin Ingila. In uwarsa Marta ta yi tari, a ɗakinmu ake ce mata sannu. Ya ɗan girme ni, shi ya fara shiga ramin kwal na bi bayansa, kuma shi ya koya mini riƙon shebur ɗin da yake yi mini gori a kai. Da yaƙi ya zo muka ba da suna rana ɗaya, aka ba kowannenmu tanka ya tuƙa, aka kwaso mu zuwa Masar. Duk inda runduna ta ya da zango, tankata tana kusa da tasa. Maƙwabtaka ta biyo mu har hamada, har da aron sukarin nan nasa da ba ya dawowa.

A ƙarshen shekarar 1941 ne, kuma safiyar nan aka sa za mu tsallaka wayar kan iyaka mu faɗa wa Jamusawa a Libiya. Tankoki da igwa da motocin mai sun shimfiɗu iyakar ganin ido. An hana kowa kunna wuta, an hana taɓa wayar iska. Sai ga ruwan sama. Mu da muka yi watanni muna auna ruwa da kofi, mu yi aski da shi, mu wanke safa da saura, abin da ya rage mu tace mu zuba wa inji, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya. Kowa ya shige tanka ya ja murfi, ya kwana a zaune yana zagin wanda ya ce masa hamada ba ta da ruwa. Kowa ban da Enos.

Shi a ƙarƙashin tanka yake kwana, tun ranar da muka sauka a ƙasar. Doka ta hana, don kowa ya san tanka tana iya nutsewa in ƙasa ta yi laushi. Saje Maddox, shugaban tankarsu, ya hana shi har bakinsa ya gaji. Enos ya ce shi dai barci ba ya ɗaukarsa in babu wani abu a saman kansa. Tun yana yaro yake aiki kwance da dutse dab da hancinsa, sai a zo a shimfiɗe shi a fili kamar shanya? Sararin nan ya yi yawa, in ji shi, mutum ya buɗe ido ya ji kamar zai faɗa sama. Sabo turken wawa.

Kuma yana da dabararsa, wadda ya yarda da ita fiye da yadda ya yarda da limamin cocinmu. A rami da itace ake tokare rufi, ba don ƙarfinsa kaɗai ba, sai don itace yana magana. Kafin dutse ya sauko yakan yi ƙara, ya yi kuka, mai kunne ya ari na kare. Enos ya samo wani gajeren gungume a wata tashar jirgin ƙasa a Masar, ya yanke shi daidai tsakanin ƙasa da tumbin tanka. Kullum da yamma ya ɗan rarake wurin kwanciya, ya tsayar da gungumen kusa da kansa, ya ƙwanƙwasa shi da sufana ya ji ya zauna, sai ya ja bargo. Mai gadina, haka yake kiransa. Itace a hamada ya fi nama wuya, kuma ba sau ɗaya 'yan tankarsa suka so faskara shi ba. Ya ce duk wanda ya taɓa masa shi, to ya nemi wani direban.

Abin da ya manta, kuma ni ma ban taɓa kawo shi a raina ba, shi ne a rami ƙasa dutse ce, rufi ne yake saukowa. A nan kuwa ƙasar ce ta zama kunu. Gungumen bai sami abin da zai tokara da shi ba balle ya yi kuka. Nutsewa ya yi shiru tare da tankar, Enos yana barci.

Ya yi ihu, tsawa ta cinye. Ya yi ta bugun ƙarfe da sufana, na ciki suka ɗauka ruwa ne ko wani abu da iska ke kaɗawa. Ni na ji da asuba, da na leƙo ina neman inda zan yi fitsari. Bugu ne irin wanda mahaƙi yake yi in rami ya rufe da shi, a buga a tsaya, a buga a tsaya. Ban taɓa zaton zan ji shi a saman ƙasa ba. Gashin jikina ya tashi tun kafin in san daga inda yake fitowa.

Muna cikin haƙa Laftanar Ferris ya iso, taswira a hammata, wandonsa jagab har gwiwa. Ya durƙusa ya leƙa.

"Tindale, yaya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri ban tashi na sara maka ba."

Laftanar bai yi dariya ba. Ya tambayi Saje ko za a ta da inji a ja baya. Saje ya ce da sarƙoƙin ƙafarta sun juya za su tona ƙasa ne, ta ƙara zama. Ya ce to a ja ta da wata tankar. Saje ya ce tumbin zai bi ta kansa ya murje shi. Likita fa? Yana can baya tare da motocin kaya, ba wanda ya san daidai inda ruwa ya tsayar da su, kuma ba damar kira. Laftanar ya dubi agogonsa, ya dubi gabas. A kewayenmu injuna sun fara tashi ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi yana bin ƙasa.

Ba zan ɗora masa laifi ba. Runduna guda ba ta tsayawa don direba ɗaya. Ya ce 'yan tankar Enos su zauna su fito da shi, su biyo sawu. Na ce a bar ni ni ma, maƙwabcina ne, kuma ni kaɗai na san haƙa a kwance. Ya dube ni kamar zai ƙi, sai ya ce mai loda harsashinmu ya iya tuƙi, ya karɓi tankata. Na sauke jakata da bargona daga kanta. Ya sake durƙusawa, ya miƙa hannu ciki ya taɓa kafaɗar Enos, ya ajiye masa kwalin tabarsa a kan ƙirji, ya tafi.

Suka wuce mu ta hagu da dama. Ƙasa tana rawa, kuma duk tankar da ta gifta sai in ga tumbin nan ya ƙara saukowa kaɗan. Enos ya rufe ido ya cije leɓe har suka ƙare. Da wurin ya yi tsit sai ya buɗe ido, ya ce ai kuwa sun tafi yaƙi sun bar jarumin.

Dabarar ita ce mu rarake ƙasa daga ƙarƙashinsa, shi ya sauka, tankar ta tsaya. Saje da sauran biyun suka yi ta cusa duk abin da hannu ya kai a ƙarƙashin ƙarfen: akwatunan harsashi, guntayen sarƙa, duwatsu, gwangwanayen fetur cike da tsakuwa. Ni ina ciki. In na kwashe shebur biyu, taɓo ya maido ɗaya. Da shebur ya ƙi shiga na koma kwanon cin abinci, da kwano ya ƙi na koma hannu. Enos bai fasa baki ba. Ya ce da shi ne mai kula da rami da tuni ya kore ni. Ya ce in tuna masa ya gaya wa tsohuwata irin ɗan da ta haifa. Ya yi wa Saje gori a kan gashin bakinsa da ruwa ya kwantar. Sauran suna dariya, hankalinsu ya ɗan kwanta, don a ganinsu mai barkwanci haka ba ya kusa da mutuwa.

Ni na san ba haka ba ne, shi ma ya sani. Duk wanda ya tashi a layinmu ya sani.

Babansa dutse ya danne shi a rami muna yara. Ya yi rabin yini a ƙarƙashinsa yana hira da masu haƙa, ya sha shayi, ya gaya musu wanda za a ba tattabarunsa, har waƙar coci ya ja musu. Da aka ɗaga dutsen ya yi godiya. Bai kai bakin rami da rai ba. Tsofaffi suka ce haka abin yake, wanda nauyi ya daɗe a kansa, nauyin ne yake riƙe da shi, in an ɗaga sai mataccen jini ya taso ya tarar da zuciya. Marta ba ta taɓa yafe wa ramin ba, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne mijinta ya mutu a cikin duhu, bai ga rana ba. Shi ya sa ranar da za mu tafi, matan layi suna kuka a tasha, ita ko ƙwalla. Ta kama hannuna ta ce gara yaƙi sau dubu, aƙalla can babu rufin da zai faɗo wa ɗanta. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Na tambayi Enos a hankali tun yaushe tankar ta danne shi. Ya ce tun ruwa bai yi nisa ba. Na tsunkuli cinyarsa inda hannuna ya kai, na ce ya ji? Ya ce me?

Daga nan hannuna ya fara nauyi. Ina kwasar taɓo rabin tafi, ina gyara dutsen da ba ya bukatar gyara, ina cewa a miƙo mini abin da ke kusa da ni. Muddin yana ƙarƙashin nan yana magana. Ban so maganar ta ƙare ba, iyakar abin ke nan.

"Na ga ka rage hannu, Norman."

"Gajiya ce."

"Ƙarya kake. Na san gajiyarka, ba haka take ba."

Na kifa goshina a kan taɓo. Na ce, "Ka san abin da zai faru in na fito da kai."

"Na sani mana. Ɗan wa kake tsammani ni?" Yana numfashi sama-sama. Ƙarfen ya riga ya fara taɓa maɓallin aljihun rigarsa. "Tana saukowa ko ka haƙa ko ba ka haƙa ba. Kai za ka koma, kuma ka san tsohuwata, abu ɗaya za ta tambaye ka. Kai kuma ba ka iya ƙarya ba, tun kana yaro kunnenka ke tona ka. Ka fito da ni da raina, ɗan layinmu. Ko minti ɗaya ne."

Na ce to. Ya ce amma a fara yi masa shayi, ba a ɗaga nauyi a kan mutum da bushasshen maƙogwaro, haka aka yi wa babansa.

Saje ya ce dokar wuta ta tafi da masu ita. Ya cika yankakken gwangwani da yashi, ya kwarara fetur, ya yi ta fama da jiƙaƙƙiyar ashana har ta kama. Aka dafa shi baƙi ƙirin, aka zuba madarar gwangwani. Na shiga da kofin ina ja da gwiwar hannu, na tallafo kansa, ya kurɓa, rabi yana bin wuyansa.

"Sukarin wa?"

"Nawa mana. Na wa kuma?"

"Madalla. Naka ya fi zaƙi."

Sai na haƙa. Ban taɓa haƙa irinta ba, ko a rami, ko lokacin da ake biyanmu da yawan abin da muka fitar. Faratana biyu suka tafi ban sani ba sai daga baya. Na rarake ƙarƙashin ƙugunsa, na bi cinyoyinsa, na kai gwiwa, jikinsa yana sauka kaɗan-kaɗan cikin ramin da nake yi, akwatunan harsashi suna ƙara a kaina. Ƙafarsa ta hagu ta maƙale a bargo, na yanke bargon da wuƙa. Na zura masa igiya ta hammata, na ja da baya na fito, na ce su ja a hankali. Ya silalo a kan taɓo kamar ɗan maraƙin da aka haifa, ya fito gaba ɗaya, takalmansa a ƙafa.

Sauran biyun suka yi shewa. Saje ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, ya ce wallahi sai ya kai ƙararsa, sai ya wanke tukwanen runduna har yaƙi ya ƙare. Suka so su jingina shi da tankar. Enos ya ce a'a, a kai shi can, ya nuna fili da haɓarsa. Muka ɗauke shi a tamfol muka yi ta tafiya, yana cewa a ƙara gaba, har sai da muka fita daga inuwarta sarai.

Hadari ya riga ya watse, rana ta fito, ƙasa tana tururi. Ba bishiya, ba tudu, ba komai sai sawun tankoki cike da ruwa sun miƙe yamma suna ƙyalli. Can nesa ayarin motocin mai yana tafiya kamar tururuwa. Na kunna masa tabar Laftanar na sa masa a baki. Fuskarsa ta yi ja, ta yi kyau, har Saje ya fara lissafin yadda za a kwantar da shi a bayan tanka a kai shi wajen likita. Na bar shi ya yi ta lissafinsa.

Enos yana kwance rigingine, ido buɗe, yana kallon sama.

"Har yanzu ya yi yawa," ya ce.

"In rufa maka hula?"

"Kul. Bar shi haka. Ka duba da kyau, Norman, akwai wani abu a kaina?"

"Babu komai."

"To ka gani da idonka."

Bai sha rabin tabar ba. Jan fuskar ya janye, gumi ya keto masa, ya ɗora hannu a ƙirji kamar mai neman abu a aljihu. Ya ja numfashi ya sake, ya kuma ja, daga nan bai sake ba. Saje ya yi ta girgiza shi yana kiran sunansa, yana cewa yanzu fa yake magana, yanzu-yanzu. Na cire tabar daga leɓensa don kada ta ƙona shi. A lokacin haushi na ji fiye da baƙin ciki, haushinsa da taurin kansa, da haushin ruwan da ya rasa ranar zuwa sai wannan. Baƙin cikin daga baya ya zo, kuma da ya zo bai tafi ba.

Muka haƙa masa a nan inda yake. Ƙasa mai laushi, ba ta ba mu wuya ba. Muka naɗe shi a bargona, tunda nasa na yanka, Saje ya karanta abin da ya iya tunawa na addu'a, muka jera duwatsu saboda diloli.

Shekaru huɗu bayan haka na tsaya a ƙofar Marta da jakata a kafaɗa, tun ban shiga gidanmu ba. Takardar hukuma ta daɗe da iso mata, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta dubi kunnena, ta ce, "A ina?"

Na ce, "A fili, Iya. Rana tana dukansa, babu komai a kansa."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyaɗa kai ta juya ta ɗora buta a wuta. Ba ta ƙara tambaya ba har ta rasu, ni ma ban ƙara komai ba.

Amma wannan daga baya ne. A ranar akwai tanka da ba direba, akwai yaƙi yana jiranmu a yamma. Muka yi ta cusa duwatsu a gaban sarƙoƙi, na shiga na zauna a kujerarsa, wadda ya ɗaure wa tsohuwar rigar sanyi don taushi, na ta da inji. Ta yi gurnani, ta yi tangaɗi, ta murƙushe akwatunan da muka tokare ta da su, ta hau. Na tsayar da ita a kan tsakuwa na sauko.

Saje yana neman abin da za a kafa a kan kabarin. Akwatunan sun zama gari, kuma babu wani katako a wajen. Na koma ramin da tankar ta bari. Ruwa ya fara taruwa a ciki, ga shatin jikinsa, ga guntun bargo. Kusa da inda kansa yake na ga wani abu zagayayye daidai da fuskar taɓo. Na sa diga na ɓanɓaro shi da ƙyar, ashe gungumen ne. Na wanke shi a ruwan sawu, na juya shi ta kowane gefe. Ko tsaga babu.

Saje ya ƙona ƙusa a sauran wutar shayi ya zana sunan Enos da lambarsa ta soja a jiki. Na kafa shi a wajen kai, na danna duwatsu a gindinsa. Sufanar tana aljihuna, ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na ƙwanƙwasa shi na ji ya zauna.

Suka kira ni daga kan tanka. Kafin in zura ƙafa a murfin direba na waiga. Gungumen yana tsaye a tsakiyar fili, gajere, jiƙaƙƙe, inuwarsa 'yar kaɗan a gefensa, babu abin da yake ɗauke da shi.